Tuwon da ya huce a tsakiyar Tafkin Volta

Akwai wani ɗan ƙanin babana da ke aiki a cikin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, masu zagaya Bahar Rum da dubban fasinjoji. Aikinsa kai abinci tebur. Cikin azumin da ya wuce ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp da tsakar dare, muryarsa a dishe, wai sai yanzu ya samu ya zauna ya ci abin kirki. Dabino uku da ruwa ya sha a tsaye, tun Magariba. Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya, mutum biyu ne fa kawai suka makara a teburina. Mutum biyu!"

Da na ce ya yi mini bayani, ga abin da na fahimta. A yawancin irin waɗannan jirage ana cin abincin dare ne zama biyu. Zaman farko wajen ƙarfe 6 na yamma, na biyu bayan ƙarfe 8. Tun ranar da ka shiga jirgi ake ba ka lambar teburinka da lokacinka, kuma sau da yawa za a haɗa ka da mutanen da ba ka taɓa gani ba, ku shida ko takwas, ku ne tare har ƙarshen tafiya. Abincin ba a tashi ɗaya yake zuwa ba. Akwai na buɗe baki, sai babban abinci, sai kayan zaƙi, kuma kicin na fitar da kowane kashi ne ga ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Idan mutum ya shigo bayan rabin awa, ko dai a tsayar da 'yan teburinsa su jira shi, ko mai hidima ya riƙa zirga-zirga biyu, waɗannan suna kan nama, wannan yana kan miya. Kuma dole a kwashe teburin, a canza mayafinsa, a jera sabbin cokula kafin 'yan zama na biyu su shigo. Ɗan tsakanin nan shi ne lokacin da ƙanina ke samu ya sa wani abu a cikinsa. Waɗancan biyun da suka tsaya ɗaukar hoton faɗuwar rana, shi suka cinye masa.

Shi ya sa wasu jiragen ke rufe ƙofar zauren bayan ɗan lokaci, wanda ya makara a nuna masa wani wurin da mutum ke ɗibar abinci da kansa. Ladabin da aka sani a can kuwa mai sauƙi ne: in ka san ba za ka zo ba, ko za ka makara, ka faɗa wa 'yan teburinka ko mai hidimarku tun da wuri, don kada a jira ka.

Na fara yi masa dariya, ina cewa wannan ai matsalar masu kuɗi ce. Sai dariyar ta tsaya mini a wuya, don na tuna ni ma na taɓa zama ɗaya daga cikin mutum biyun nan. Ba a Bahar Rum ba, a nan gida.

Shekarar da na fara koyarwa ne. Na je Ankara wajen wata gwaggona lokacin hutu, da zan dawo Tamale sai na ce ba zan bi motar Kumasi ba, ta ruwa zan bi. Na sha koya wa yara cewa an gama gina madatsar Akosombo a 1965, cewa tafkin ya mamaye wajen murabba'in kilomita 8,500, cewa an tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu saboda shi, amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai a taswirar bangon aji. Na hau Yapei Queen a Akosombo ran Litinin da la'asar, za mu Yeji. Wanda ya san jirgin nan ya san ba na shaƙatawa ba ne. Na shaƙatawa shi ne Dodi Princess, mai kai mutane tsibirin Dodi da kiɗa da abincin rana su dawo. Namu na 'yan kasuwa ne, da manyan akwatunan katako na doya, waɗanda ke tafiya arewa babu komai su dawo kudu a cike. Mata kan shimfiɗa tabarma a cikinsu su kwana.

Kafin jirgi ya tashi na taimaka wa wani dattijo hawa da kayansa. Alhaji ne mutumin Salaga, fataucin shanu yake yi, yana tare da abokan tafiyarsa huɗu. Da ya ji Hausata ya tambaye ni ɗan wane gida ne a Zangon Tamale, muka yi ta lissafin dangi har muka gano ya san kakana na wajen uwa. Shi ke nan na zama ɗa. Ya ce, "Malam, in an yi Magariba ka sauko nan mu ci tuwo." Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Ku da kuke karanta wannan kun san irin "in sha Allahu" ɗin da nake nufi. Akwai wanda ake faɗa da niyya, akwai wanda ake faɗa don a rabu lafiya. Nawa yana tsakani. Na ɗauka tayin nan irin wanda muka saba ne, wanda duk mai cin abinci a ƙasar nan ke yi wa mai wucewa, ya ce bismillah, kai kuma ka ce na gode, kowa ya kama gabansa. Ban san Alhaji ya riga ya je kicin ya biya kuɗin mutum shida ba.

Na hau sama. Rana ta faɗi a bayan duwatsu, na yi salla a wani lungu, sannan na zauna hira da wasu Turawa biyu masu jakar goyo da wani ɗalibin jami'a, muna gardama a kan ko Nkrumah ya yi daidai da ya gina madatsar. Ni da na fito kwaleji ba da jimawa ba, kai cike da karatu, ai bakina bai tsaya ba. Sai da na ji cikina ya yi ƙugi na duba agogo. Takwas saura.

Na sauko ina shirin in sayi burodi da shayi, sai na hango su. Mutum biyar zaune a kan tabarma, sun kewaye babban kwano a rufe da faranti, an ɗora butar wanke hannu a gefe. Ba wanda ya taɓa. Can nesa kaɗan matar kicin tana tsaye ta jingina da ƙarfe, ta harɗe hannu, tana jiran kwanonta ta wanke ta rufe. Ɗaya daga cikin dattijan, wani siriri mai farin gemu, ya jingina da buhu yana gumi duk da iskar tafki. Daga baya na ji yana da ciwon suga, ya sha maganinsa tun Magariba da tsammanin yanzu za a ci.

Kunya ta sa na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ce, "Baba a gafarce ni, na tsaya salla ne."

Alhaji ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Mu ma mun yi." Sannan ya tura mini buta. "Wanke hannu."

Tuwon ya yi sanyi ya daskare, miyar kuka ta yi fata a sama. Haka muka ci, ba mai magana. Ni dai kowace loma da ƙyar take wucewa. Da muka gama na ɗauki kwanon da kaina na kai wa matar nan, na ba ta haƙuri. Ta karɓa ba ta ce komai ba, kuma tana da gaskiya.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne yadda na jawo salla na fake da ita. Magariba raka'a uku ce. Ko da alwala da nafila da tasbihi, minti goma sha biyar ta ishe ka. Ragowar awa ɗaya da rabin surutuna ne. Kuma wannan ɗabi'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, tana da yawa a cikinmu. A wurin aiki, a taron iyayen yara, a ɗaurin aure, mutum zai zo a makare ya ce salla, don ya san ba mai iya ja da shi, musamman in shugaban wurin ba Musulmi ba ne. Mu da muke zaune da maƙwabta masu wani addini, duk lokacin da muka yi haka muna koya musu ne cewa salla abar ɓata lokacin mutane ce. Ranar da wani zai nemi minti goma na gaskiya don ya yi Magariba, sai a dube shi da idon da muka jawo masa.

Addinin ma bai bar mu a matse ba. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa idan an ajiye abincin dare kuma aka tada salla, a fara da abincin, don kada mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa zuciyarsa na cikin kwano. Matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru, a tudu ko a ruwa. Haɗa salloli biyu ne malamai suka saɓa a kai: a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a ciki, rangwamen haɗawa saboda tafiya na matafiyin tudu ne, ban da na ruwa, wasu mazhabobin kuwa ba su bambanta ba. Na kawo wannan ne don a ƙasarmu rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, daidai lokacin da ake zaman farko a jirage. Wanda Allah ya hore masa ya shiga irin wannan jirgi, yanzu da har daga Jidda ake tashi yawon Bahar Maliya, abin da ya fi masa sauƙi ya zaɓi zama na biyu tun wajen sayen tikiti, ya yi sallarsa a natse ya zo a kan lokaci.

Washegari da hantsi na samu Alhaji shi kaɗai yana kallon ruwa, inda kawunan matattun itatuwa ke leƙowa kamar yatsu. Na zauna kusa da shi na sake ba da haƙuri, sannan na yi tambayar da ta hana ni barci. Na ce Baba, me ya sa ba ku ci kun rage mini ba? Ai haka ake yi a gida.

Ya ce a gida daban. A gida akwai murhu, akwai uwar gida da za ta rufe naka ta ajiye, ka dawo ko tsakar dare ne a ɗumama maka. A hanya kwano ɗaya ne, kuma na aro. In sun ci sun rage mini, sun mai da ni almajirinsu, mai cin saura. In sun cinye, sun ci rabon baƙon da shi da bakinsa ya kira. "Ka ce za ka zo. Da ka aiko yaro ya ce mu ci, da mun ci." Ya ce haka iyayensu fatake suka yi a hanyar goro tsakanin Gwanja da Kano: in ayari ya sauka zango ba a buɗe ƙwarya sai an ƙirga kowa, don wanda ba ya wurin cin abinci wataƙila yana cikin wani hali a daji. Ashe ma sau biyu ya aika ƙaramin cikinsu ya duba ni. Ya hango ni ina ta zuba Turanci da Turawa, ya ji nauyin katse malami.

Wannan maganar ta aike ita ce ta zauna mini. Ashe dokar jirgin Turawa da ta fataken Salaga wuri guda suka haɗu. Ba wanda ya ce kada uzuri ya same ka. Cewa aka yi kada ka bar mutane cikin rashin sani, hannu a wanke, kwano a rufe. Ni a ganina ma tamu ta fi tsanani. A can in ka wuce lokaci ƙofa za a rufe, kai ne da asara. A nan ba a rufe maka ƙofa, sai dai tsoho mai ciwon suga ya zauna da yunwa saboda kai, kuma ba wanda zai faɗa maka.

Da muka doshi Kete Krachi ya nuna mini wani wuri a kan ruwa, ya ce tsohon garin Kete na ƙarƙashin nan, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya karantar bayan yaƙin Salaga na 1892 har ya rasu a 1934. Muka yi masa addu'a. Na lura tun daga ranar Alhaji bai sake ta da maganar jiya ba, ko da wasa.

Daren na biyu tun ana kiran salla a wayar wani na sauko. Muka yi jam'i a tsakanin akwatunan doya, wani ma'aikacin jirgi ya nuna mana alƙibla. Ina sallamewa na tashi na je kicin na tsaya a layi. Matar nan ta ɗago ta gane ni, ta ce da Turancin kasuwa wai yau malam ya riga kowa. Ta cika kwanon, ta ƙara mini kifi guda a sama. Na kawo shi da zafinsa har yana ƙona mini yatsu, na ajiye a tsakiyar tabarma. Dattijon mai farin gemu ya ɗaga farantin, tururi ya bugi fuskarsa, ya ce, "Yauwa. Bismillah."

A Yeji muka kwana a bakin ruwa, da safe muka hau jirgin fito zuwa Makango, daga nan mota zuwa Salaga. A tasha Alhaji ya sa yaro ya sayo goro, ya ƙulla mini guda goma a ganye, ya ce in kai wa mahaifiyata in ce daga abokin babanta. Motar Tamale na ta hon, saura mutum ɗaya ta cika, ni kuma ina tsaye ina ta jero godiya. Ya daki kafaɗata ya ce, "Malam, tafi. Wannan direban ba zai rufe maka kwano ba."