Hotunan Biki a Cikin Faifan da Ya Ƙi Tashi

Kwamfutar da aka kawo mini gyara tana kunnuwa lafiya lau. Fanka ta juya, tambarin kamfani ya fito, ɗigo-ɗigon Windows su fara zagaye, sai ta rubuta cewa tana gyaran kanta. Daga nan kuma shiru, ko za ka kwana kana jira. Mai ita matashi ne mai ɗaukar hoton biki, kuma hotunan kamu da ɗaurin aure da dina na wata amarya suna ciki, bai miƙa ko ɗaya ba. Memorin kamarar ma ya riga ya yi masa fomat, tun da ya ga komai ya shiga laftof.

"Oga, wani ya ce a sa mata sabuwar Windows kawai, kafin la'asar an gama."

"Da hotunan ma an gama da su, ƙanena. Sau nawa ka kunna ta tun da ta fara haka?"

Ya ce ba zai iya ƙirgawa ba. Na ce to daga yanzu babu mai sake taɓa makunnin nan sai da dalili.

Waɗanda ake zargi a irin wannan matsala suna da yawa: ram, babban allon injin, bairos, Windows ɗin kanta, ko faifan ajiya, wato had-dis. Na shiga BIOS, na tarar tana ganin faifan da sunansa da girmansa, gigabait 500. Ke nan bai mutu murus ba. Sai na zare shi gaba ɗaya, na tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Linux. Ta tashi garau, ta yi ta aiki ba ko tuntuɓe. Ram da allo sun kuɓuta, zargi ya koma kan faifan da abin da ke rubuce a kansa.

Na jona shi kai tsaye da wayar SATA a cikin kwamfutar tebur, don akwatunan USB da yawa suna rikicewa su yanke da zarar faifai ya fara gardama. Na kara kunne. Da ya rinƙa ƙas-ƙas-ƙas yana tsayawa yana sake tashi, da na kashe nan take, don wannan alamar allurar karatu ta lalace ce, kuma aikin masu ɗaki na musamman ne da ƙura ba ta shiga. Wannan kuwa ya ɗauki gudu sumul. Faifan laftof irin wannan yana juyi 5400 a minti, wato 90 a daƙiƙa ɗaya, allurar kuma tana shawagi a samansa da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai.

Kowane faifai yana riƙe da rajistar lafiyarsa, ana ce mata SMART. Layi biyu nake fara dubawa. Lamba 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace har faifan ya musanya su da na ajiya. Lamba 197 tana ƙirga waɗanda ya yi ƙoƙarin karantawa ya kasa. A lafiyayyen faifai duk biyun sifili ne. A wannan, na biyun ya haura ɗaruruwa. Bairos ba ya wannan aika-aika. Fuskar faifan ce da kanta ta samu rauni.

A nan ne mutane da yawa suke ƙarasa abin da hannunsu. Wani zai saki manhajar chkdsk, wadda ke yin rubutu a kan faifan da ke neman hutu, ta datse duk abin da ta kasa ganewa. Wani zai ja folda ya ce kwafa, kwamfuta ta kafe a gurbi ɗaya tana ta maimaitawa, allura na ta goge wurin ciwo. Wani ma firji zai sa shi, raɓa ta shiga ta ƙarasa shi. Ƙa'idar ita ce ba a gyara faifai marar lafiya. Kwafinsa ake ɗauka tukuna, gurbi bayan gurbi, sannan a yi duk wani gwaji a kan kwafin.

Manhajar wannan aiki ita ce GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, kuma kyauta ce. Dabararta irin ta mai kwashe kaya daga ɗakin da ya kama da wuta ce: abin da ke kusa da ƙofa yake fara fitarwa, ba ya tsayawa kokawa da akwatin da ya maƙale. Idan ta ci karo da wuri mai wuya sai ta tsallake ta ci gaba, sai ta gama kwashe lafiyayyun wurare sannan ta dawo tana lallaɓa gefen raunin a hankali. Tana kuma rubuta taswirar duk inda ta karanta da inda ta kasa. Na sa ta aiki, cikin dare aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ƙare, amma da safe taswirar ta nuna mata inda ta tsaya ta ɗora daga nan.

Taswirar ce ta kawo tambaya ta gaba. Faifan yana da gurabe kusan miliyan 977, kowanne bait 512, kuma kusan duka sun karantu. Faifan da tsufa ya cinye, raunukansa a warwatse suke ko'ina. Na wannan a dunƙule suke wuri biyu kawai: ɗaya a farkon sashen Windows, ɗaya can ciki. Na kira mai kwamfutar.

"Ƙanena, kwamfutar nan ta taɓa faɗuwa tana kunne?"

Ya yi jim. "Wallahi Oga, a wurin dina ne. Ina cikin tura hotuna wani yaro ya ja wayar caja da ƙafa, ta faɗo daga tebur. Amma ai ta ci gaba da aiki, har kwana biyu ina gyara hotuna a kanta."

"A kwana biyun nan ka kashe ta?"

"A'a, rufe murfin kawai nake yi. Sai ranar da caji ya ƙare ƙarƙaf."

Magana ta fito. Lokacin da ake tura fayil, allura tana kai-komo tsakanin inda ake zuba sababbin hotuna da inda ake rubuta bayanansu. Faɗuwar ta sa ta daki fuskar faifan, ɓarɓashin da ya tashi kuma ya ci gaba da faɗaɗa raunin duk sanda aka bi ta wurin. Gurbin farko na sashen Windows yana cikin waɗanda abin ya shafa, amma Windows ba ta neman sa sai lokacin tashi. Muddin barci kawai take yi, ba ta san ta yi rashi ba. Ranar da ta mutu gaba ɗaya ta zo tashi, sai ta nemi gurbin ta rasa.

Da na jona kwafin, kwamfuta ta ce faifan nan ba shi da tsari, a yi masa fomat. Matashin ya dafe kai. Na ce ya kwantar da hankalinsa, dama ina jiran wannan. A tsarin NTFS, gurbin farko shi ne ke faɗin inda babban kundin sunayen fayiloli yake, kuma a kwafinmu babu komai a wurin. Sai dai waɗanda suka tsara NTFS sun ajiye kwafin wannan gurbi a gurbin ƙarshe na sashen, nesa da inda aka yi ɓarna. Na sake kwafe kwafin don gudun kuskure, na buɗe TestDisk, manhajar Bafaranshe Christophe Grenier, na sa ta mayar da na ƙarshen a gurbin na farko. Foldoji suka bayyana da sunayensu. Mun yi sa'a faifan ba a kulle yake da BitLocker ba, don da sai mun nemo mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi yake cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Saura rauni na biyu. Ganin sunan fayil ba ya nufin cikinsa lafiya, kuma buɗe dubban hotuna ɗaya bayan ɗaya aiki ne ja. Na sa ddrescue ta cike duk gurbin da ta kasa karantawa da wata kalma da na zaɓa, a kan kwafin, sannan na bincika fayilolin da kalmar ta faɗa cikinsu. Duk na dina ne. Na buɗe ɗaya: kan amarya da ɗaurin ɗankwalinta sun fito tas, daga wuya zuwa ƙasa toka-toka.

"Ina memorin kamarar?"

"Ai na ce maka na yi masa fomat. Har na ɗauki fasfo na wasu ɗalibai a kai."

Fomat ɗin da kamara ta saba yi kundin sunaye kawai yake sharewa, hotunan suna nan kwance har sai an rubuta sabo a kansu. PhotoRec, ita ma ta Grenier, ba ta damu da kundi ba. Bin memorin take yi tana neman alamar da kowane hoton JPEG yake farawa da ita. Fasfon ɗaliban ya hau kan farkon memorin, ya cinye wasu hotunan kamu, waɗanda dama muna da su lafiya a faifai. Na dina kuwa suna can ƙarshe, ba abin da ya taɓa su. Sun dawo babu sunayensu na asali, amma kwanan wata da lokacin da kamara ke dasawa cikin kowane hoto suka ba mu damar jera su.

Matashin ya sayi SSD aka sa masa, yana murna wai wannan ba ya tsoron faɗuwa. Gaskiya ne, babu abin da ke juyi a cikinsa. Amma shi ba ya ƙara kafin ya mutu, kuma abin da aka goge a kansa umarnin TRIM kan share shi da gaske, ba kamar memorin kamara ba. Don haka na sa ya haɗa da faifan waje, da sharaɗi ɗaya: ba zai sake yi wa memori fomat ba sai hotunan suna wuri biyu, kuma ya buɗe su ya gani da idonsa.