Tanadin abinci a gida: mu koya wa yara awo tun suna ƙanana

A garin Filinge, da sauran garuruwan Kurfai, da Damana, kaka ba ta wahalar da kowa. Wahala sai watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Kakanninmu sun ga yunwar 1931, iyayenmu sun ga ta 1984, mu ma mun ga ta 2005 bayan fari da ɓarnar fara. Ruwan sama ba a hannunmu yake ba. Amma tiyar awo tana hannunmu.

Mu fara da lissafi

Tiya guda ta hatsi takan kai kilo 2 da rabi. Buhu mai kilo 100 yakan ɗauki tiya 40 ke nan. Gidan da ke cin tiya 2 kullum zai ƙare buhu cikin kwana 20. A shekara yana bukatar buhu 18. Idan maigida da uwargida suka yi wannan lissafi tun ranar da aka zuba damma a rumbu, za su san ko abincinsu zai kai su sabon hatsi. In ba zai kai ba, sai su saida akuya ko tunkiya su sayi ciko tun hatsi yana da araha. Iri kuwa a ware shi dabam, kada a taɓa shi ko don biki.

Adana wake da kayan miya

Wake ya fi hatsi saurin lalacewa, domin ƙwaro yakan shigo da shi tun daga gona. A shanya shi ya bushe sarai. Sannan a zuba shi cikin buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a shekarar 2007. Ana ɗaure kowace leda dabam. Idan iska ba ta shiga, ƙwaron yakan mutu ba tare da an sa magani ba.

Kuɓewa, da yakuwa, da kuka, da zogale, da gabu, a busar da su tun suna da yawa. Ganye a inuwa ake shanya shi, don kada rana ta rage masa amfani. Gishiri mai iyod, wanda ke kare mu daga maƙoƙo, a rufe shi cikin gwangwani nesa da murhu.

Aikin da ya dace da yara

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara 4 yana iya miƙo ƙwarya da ludayi, ya kori kaji daga shanya. Ɗan shekara 6 yana iya tsince tsakuwa daga wake, ya tsinke ganyen zogale, ya ɓare gujiya. A nuna masa ya fid da wadda ta yi fumfuna, domin tana cutar da hanta. Wanda ya shiga lakkwal sai a ba shi tiya ya auna hatsin yini a gaban uwarsa, ya rubuta adadin cikin littafi. Mu da muka yi yaƙi da jahilci mu duba abin da ya rubuta. Wannan aiki na maza ne da mata, domin yaron yau shi zai riƙe rumbu gobe.

Mu kiyaye

Kafin yaro ya taɓa abinci, ya wanke hannu da sabulu. Kada a bar ƙanana kusa da wuta, ko tafasasshen kunu, ko wuƙa. Maganin ƙwari da na ɓera a ajiye su inda hannun yaro ba ya kai. Kuma kada aikin gida ya hana yarinya zuwa lakkwal.

Ƴan'uwa, bana in Allah ya kai mu kaka, mu ƙirga damma tare da ƴaƴanmu, mu rubuta.