SAUYIN YANAYI A KWARIN RIMA: JAMA'A SUN GA ALAMA, SAURA BAYANI

Garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, waɗanda ke gabashin Jihar Sakkwato, arzikinsu duka a ruwa yake. Wurno da Goronyo suna kwarin Gulbin Rima, ita kuwa Rabah tana bakin Gulbin Sakkwato, kuma gulaben nan biyu suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. A tudu ana noman gero da dawa da wake da damina, a fadama kuwa shinkafa, sa'an nan in rani ya yi a koma ga albasa da tafarnuwa da alkama. Tarihi ma ya san wuraren nan. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a can ya rasu cikin 1837, kuma a can kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya kuma riƙe ƙasar tun yana saurayi.

Mutanen da abincinsu ya rataya ga sama da gulbi ba su bukatar a gaya musu cewa lokaci ya sake. Abin da ya kamata ma'aikaci da ɗalibi su tambaya shi ne, yaya jama'a suke fassara abin da suke gani, kuma wane mataki fassarar take sa su ɗauka?

ABIN DA IDO YA GANI

Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba. Saboda haka jinkirin mako biyu ko uku yana iya raba manomi da amfaninsa. Kukan da aka fi ji a bakin manoma shi ne ruwa ya daina cika alkawari. A kan yi ruwan shuka, iri ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone, sai an sake shuka sau biyu ko uku. In kuwa ruwan ya dawo, sai ya zo da iska da ƙarfi, ya zuba cikin sa'o'i kaɗan abin da dā ya kan ɗauki kwanaki yana yayyafi lokacin marka. Irin wannan ruwa ba ya shiga ƙasa sosai, gudu ya ke yi, ya kwashe taki, ya yanka kwazazzabo, ya rushe ginin laka.

Masu noman rani su ma da nasu kukan. Alkama tana son sanyin hunturu, in sanyin ya makara ko ya yi saurin wucewa sai ƙwayar ta ƙanƙance. Albasar da aka adana don jiran kasuwa kuwa, zafi ne babban abokin gabarta.

Babu abin da ya nuna wannan rikicewa kamar madatsar ruwa ta Goronyo. An gama gininta cikin 1984, tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Cikin watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, ruwa ya fi ƙarfinta ya malala kwarin Rima, ya ci ƙauyuka da gonaki, ya raba dubban mutane da gidajensu, har ya karya gadar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shekara takwas bayan haka, watau farkon 2018, sai ga madatsar nan ta janye har abin da ya rage a cikinta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Hukuma ta ce ba a taɓa ganin haka ba tun da aka gina ta, ta kuma ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan daminar 2017 da yashin da ya cike gindinta. Yaron da aka goya aka gudu da shi daga ambaliya, bai gama firamare ba ya ga gindin tafkin ya tsattsage.

FASSARA IRI HUƊU

Ƙungiyar nan ta Afrobarometer, mai auna ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, ta gano cikin 2022 cewa kimanin mutum 3 ne kawai cikin 10 a Nijeriya suka taɓa jin maganar sauyin yanayi. Kada mai karatu ya ɗauka sauran bakwai ɗin ba su ga kome ba. Sunan ne bai kai gare su ba, amma kowa da irin bayanin da ya ke bayarwa.

Kashi na farko, kuma su ne mafi yawa, suna ganin fari da ambaliya jarrabawa ce daga Allah, ko kuwa sakamakon zalunci da hana zakka da tauye mudu. Shi ya sa in ruwa ya ɗauke a kan fita sallar roƙon ruwa, a yi sadaka. Wannan fahimta tana ba mutane haƙuri, tana kuma tara su wuri ɗaya lokacin wahala. Inda gyara ya ke shi ne wurin waɗanda suka mai da tawakkali dalilin naɗe hannu, alhali kuwa malamai sun sha jan hankali da ƙissar Annabi Yusufu, wanda ya tanadi hatsin shekarun wadata don shekarun fari.

Kashi na biyu, galibi mutanen fadama, madatsun ruwa suke zargi, kuma suna da hujja. Tun da aka gama madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara cikin 1978, ambaliyar shekara-shekara da ta saba shayar da fadamun Gulbin Sakkwato ta ragu, har manoma da yawa da ke ƙasa da ita suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kifi kuma ya yi ƙaranci. Mutumin da ya ga haka, in ruwa ya ci gonarsa ko ya ƙi zuwa, wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar dam zai fara tuhuma kafin ya dubi sama.

Kashi na uku suna cewa saran itatuwa ne ya kori ruwa. Dattawa suna iya lissafa wuraren da dā suke cike da gawo da kirya da marke da tsamiya, yanzu sun zama fili, itacen ya tafi murhu ko ya zama gawayi an kai birni.

Kashi na huɗu, abin takaici, har da waɗansu masu ilmin zamani, suna cewa fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, don haka maganar sauyin yanayi surutun Turawa ce. Su kan kawo yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, da farin 1972 zuwa 1974 wanda ya hallaka dabbobi ba iyaka, da na 1984. Tarihin nan daidai ne, sai dai bai ƙare magana ba.

ABIN DA MASANA SUKA AUNA

Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga wajen kashi 280 cikin miliyan zuwa fiye da 420. Ita wannan iska kamar bargo ta ke, tana barin hasken rana ya shigo amma tana tare zafin da ƙasa ke mayarwa. Ta haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekarar da ta kai 2024 zafi ba kafinta. A farkon Afrilu na shekarar nan ta 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Iska mai zafi ta fi riƙe laima, kowane digiri ɗaya yana ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100. Saboda haka in hadari ya haɗu, abin da zai zubar ya fi na dā yawa. Wani bincike da aka buga cikin 2017, wanda ya dogara ga hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku cikin shekara 35, kuma masu binciken sun danganta haka da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. Jimlar ruwan shekara ta farfaɗo tun daga wajen 1990 in an gwada da shekarun fari, amma yadda ya ke sauka ya sake. Ashe abin da manomin Wurno ya ke faɗa da bakinsa, shi ne na'ura ta auna daga sama.

In an auna fassarorin nan huɗu da wannan ma'auni, za a ga kowace ta kama wani gefe. Madatsa tana sake lokacin ruwan gulbi da yawansa, amma ba ita ke haɗa hadari ba. Saran itace a ƙauye ɗaya bai isa ya hana damina ba, domin laimar da ke zama ruwanmu daga Tekun Atlantika ta ke tasowa, sai dai shi ke tsiraita ƙasa, ruwa ya kwashe ta ya zuba cikin gulbi, madatsa ta cike da yashi. Madatsar da ta cike kuwa ba ta iya tare ambaliya da damina, ba ta iya riƙe ruwan rani. Fari tsoho ne, amma zafin da ke tare da shi yanzu sabo ne. Abin baƙin ciki, nahiyar Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin nan, ga shi kuwa ita ke shan wuya.

ME YA SA RA'AYI YA KE DA MUHIMMANCI?

Abin da mutum ya yarda da shi, shi ke juya hannunsa. Manomin da ya gane cewa ruwan farko ba shi da tabbas zai jira ƙasa ta jiƙa sosai kafin ya zuba irinsa, ko ya nemi iri mai saurin nuna. Magidancin da ya amince da gargaɗin hukuma zai kwashe iyalinsa da rumbunsa daga bakin gulbi tun ruwa bai iso ba. Wanda kuwa ya tabbata a ransa cewa ma'aikatan dam ne ke cutarsa, ko an yi shela ba zai saurara ba.

Akwai kuma wani abin da ya danne maganar. Tun daga harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni ta ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, wanda ya sa jama'a suka yi gudun hijira zuwa Gandi, har zuwa kisan da aka yi a kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021, mutane da yawa sun bar gonakinsu na nesa. Wanda ke tsoron ransa yau ba ya tunanin itacen da zai yi inuwa bayan shekara goma. Sa'an nan in jama'a suka taru kusa da gari, sai ƙasa kaɗan ta ɗauki nauyin mutane da dabbobi masu yawa, ta ƙara gajiya.

DARASI DAGA MARAƊI

Ba sai an je nesa neman misali ba. Gulbin Maraɗi, wanda ke zuba ruwansa cikin Rima, ya ratsa ƙasar da manoma suka juya al'amarin da hannunsu. Bayan farin 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar suka daina tumɓuke kututture lokacin sassabe. Sai su zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran, su kare su daga dabbobi. Da wannan dabara mai arha aka rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Gawo ya fi yawa a ciki, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga abincin dabbobi da rani. Abin da ya sa aikin ya karɓu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne.

AIKIN DA KE GABANMU

Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Paris ta 2015, ta kafa dokar sauyin yanayi cikin 2021, kuma Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin nan na ganuwar itatuwa don tare hamada ya shafa. Amma doka a takarda ba ta shayar da gona. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da fassarar Hausa. Wajibi ne malaman gona da gidajen rediyo su kai shi kasuwanni da masallatai tun kafin shuka, su kuma bayyana cewa hasashe ƙiyasi ne, yana iya kuskure, don kada ranar da ya saɓa jama'a su yi watsi da shi gaba ɗaya.

Hukumar da ke kula da madatsun ruwa ita ma ya kamata ta riƙa sanar da iyayen ƙasa da hakimai yawan ruwan da ke ciki da ranar da za a saki, a fili kuma da wuri, domin ɓoye-ɓoye ke haifar da zato. Yashe madatsa ba zai yi ƙarko ba sai an rufe tudun da yashin ke gangarowa da itatuwa da ciyawa. Malaman addini kuwa, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa shiga kunne, su ne za su iya haɗa wa jama'a addu'a da tanadi.

Su kuma ɗalibai, musamman 'yan asalin garuruwan nan, akwai aikin da babu mai yi sai su. A kan dattawa akwai lissafin shekarun fari da na ambaliya, da sunayen irin gero da shinkafar da suka jure, da iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a kowane ƙauye. In ba a rubuta wannan ilmi ba, zai bi masu shi kabari. Kowace makarantar sakandare kuma tana iya kafa ma'aunin ruwan sama a filinta, ta riƙa rubutawa kullum, cikin shekara goma ƙaramar hukuma ta sami lissafin kanta.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun riga sun nuna wurin yoyon, saura masu ilmi da masu riƙe da ofis su zo da bayani cikin harshen da ake ji, su kuma saurara kafin su yi magana. Allah ya ba mu damina mai albarka.