Dalilin Da Ya Sa Furosesar Rauta Ke Cika Bayan An Sauya Mata Manhaja

Akwai koke guda da ke yawan fitowa daga bakin masu cire manhajar kamfani daga rautar gida su sa OpenWrt ko DD-WRT ko FreshTomato. Mutum ya biya kuɗin layi mai gudun megabit 500 ko gigabit guda, amma abin da ke isowa bai kai rabi ba, shafin saituna yana jan ƙafa, kiran bidiyo yana yankewa, idan kuma aka duba sai a tarar furosesa ta cika maƙil. Hukuncin da ake saurin yankewa shi ne sabuwar manhajar ce ke da aibi. Aibi kan faru, amma a mafi yawan lokuta cikar furosesa kuɗin da ake biya ne kan abin da ya sa aka sauya manhajar tun farko, wato a ba rautar ikon duba kowane fakitin bayanai da yanke hukunci a kansa. Wanda ya gane haka zai san inda zai nemi gyara.

Asalin matsalar yana cikin tarihi. Linksys ta fitar da WRT54G a ƙarshen 2002 da Linux a cikinta, kuma a 2003 sharuɗɗan lasisin GPL suka tilasta sakin lambobin manhajarta. Daga nan OpenWrt ta samo asali a 2004, DD-WRT ta Sebastian Gottschall ta biyo a 2005, sai Tomato ta Jonathan Zarate a 2006. Rautar WRT54G tana da furosesa mai gudun megahaz 125 zuwa 200 da ram megabait 16, kuma ta wadatar, domin layin gida na lokacin bai wuce 'yan megabit ba. Tun daga nan gudun layi ya ninka sau ɗaruruwa, furosesar rauta mai araha kuwa ba ta bi sahu ba. Lissafin a fili yake: layin gigabit guda da ke ɗauke da fakitoci masu bait 1,500 yana turo sama da fakiti 80,000 a kowace daƙiƙa. Furosesa mai ƙwaya ɗaya da gudun megahaz 720, irin wadda ke cikin TP-Link Archer C7 samfuri na biyu, tana da ƙasa da bugu 9,000 ga kowane fakiti, kuma a cikinsu ne za ta karɓe shi, ta bi da shi ta katangar tsaro, ta sauya masa adireshi, ta aika.

Abin tambaya shi ne yadda rautar ke kai wannan gudun da manhajar kamfani. Amsar ita ce gajeriyar hanya. Broadcom tana da CTF, Qualcomm tana da NSS, MediaTek kuma ta sa injin sauya adireshi a jikin guntu kamar MT7621. Aikinsu ya yi kama da shingen bincike a babbar hanya: a tsayar da motar farko a cikin ayari, a duba takardunta, sauran kuma a ɗaga musu hannu su wuce. Yawancin direbobin waɗannan injina a rufe suke, kamfani bai saki lambobinsu ba, don haka OpenWrt ba ta iya ɗaukar su yadda suke. Idan aka sa ta, kowane fakiti sai ya bi doguwar hanya ta cikin zuciyar Linux. An rage wannan giɓin tun 2018, lokacin da Linux 4.16 ta zo da tata gajeriyar hanya, OpenWrt 18.06 kuma ta sa maɓallinta a saitunan katangar tsaro. Sai dai a kashe maɓallin yake zuwa, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba.

Dalili na biyu shi ne kayan da mai rautar ke ƙara mata da hannunsa. Babba a cikinsu shi ne SQM, tsarin jera fakitoci da ke maganin jinkirin da Jim Gettys ya ja hankali a kansa a 2010, inda saukar da babban fayil ke sa kira ya riƙa yankewa. Dabarun fq_codel, da ya shiga Linux a 2012, da CAKE, da ya shiga a 2018, suna magance wannan sosai, amma dole su auna kowane fakiti, shi ya sa ba sa tafiya sosai tare da gajeriyar hanya. Haka VPN: OpenVPN a tsarinta na asali tana aiki a wajen zuciyar Linux kuma a kan ƙwaya ɗaya, don haka a tsofaffin furosesocin MIPS marasa injin sirranta bayanai ba ta wuce 'yan gomman megabit. WireGuard, da ya shiga Linux 5.6 a 2020, ya fi ta sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Sai layin PPPoE da ke ƙara aiki kan kowane fakiti, da manhajojin toran da ke buɗe dubban haɗi har teburin lura da haɗe-haɗe ya cika, da jerin toshe tallace-tallace mai dubban ɗaruruwan sunaye a rauta mai ram megabait 64.

Tunda dalilan sun bambanta, bincike ne farkon magani, kuma umarnin top ya isa a fara. Idan lambar sirq da top ke nunawa ce ta hau yayin gwajin gudu, fakitoci ne ke cin furosesa, maganin kuwa kunna gajeriyar hanya ko rage nauyin SQM. Idan usr ce, wata manhaja ce, kuma sunanta yana saman jeri. Idan io ce, jiran faifan USB ko ma'adana ake yi. Matsakaicin lodi da shafin farko na saitunan rauta ke nunawa kan ruɗar da mutane, domin a Linux yana ƙirga har ayyukan da ke jiran faifai, kuma lamba 2 a furosesa mai ƙwaya huɗu ba abin damuwa ba ce. Akasin haka ma na faruwa: a furosesa mai ƙwaya huɗu, kashi 25 cikin ɗari na iya nufin ƙwaya ɗaya ta cika, sauran suna zaune, abin da fayil ɗin /proc/interrupts ke tonawa, kuma rarraba aikin tsakanin ƙwayoyin ke warwarewa. Umarnin logread da dmesg suna nuna direban Wi-Fi da ke ta faɗuwa ko ram da ta ƙare. Ƙa'idar ita ce a gwada da waya kafin Wi-Fi, kuma a kashe abu ɗaya a lokaci guda.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, a koma manhajar kamfani a huta. Ga wanda gudu kawai yake so, maganarsa tana da ƙarfi. Amma a rautoci da yawa masu guntun Broadcom, da zarar an kunna wasu nau'o'in rabon gudu a manhajar kamfanin, CTF na kashe kanta, nauyin ya dawo kan furosesa, wanda ke nuna cewa iyakar ta ƙarfen rautar ce. Bayan haka kamfanoni kan daina gyaran tsaro bayan 'yan shekaru, kuma muggan manhajojin Mirai a 2016 da VPNFilter a 2018 sun nuna yadda ake mayar da na'urorin da aka yi sakaci da su sojojin haya. Wani kuma zai ce a sayi babbar rauta kawai. Wannan daidai ne ga mai son SQM a layin gigabit, amma sabuwar rauta ba ta gyara manhajar da ke ta zagaye a wuri guda, ba ta kuma korar ɓarawon da ya shigo ta kalmar sirri mai rauni.

Tasirin wannan yanayi ya riga ya bayyana. OpenWrt ta daina tallafa wa na'urori masu filas megabait 4 da ram 32 bayan 19.07, kuma rautar da ta fitar da sunanta a 2024, OpenWrt One, ta zo da ƙwayoyin ARM biyu masu gudun gigahaz 1.3 da ram gigabait guda. A Najeriya, inda 5G ta fara aiki a 2022, Starlink kuma a 2023, gidaje da shaguna na haɗa layi mai sauri da tsohuwar rauta ta hannu, a ɗakin da zafin bazara ke sa wasu furosesoci rage gudu don kare kansu. Abin da ya kamata mai saye ya tambaya shi ne wane guntu ke ciki, ƙwaya nawa, kuma wane aiki zai ɗora masa, domin lambar da ke jikin kwali gudun Wi-Fi take nufi. Wanda layinsa bai wuce megabit 100 ba kuma yara na karatu ta bidiyo, SQM ya cancanci nauyinsa. Wanda ke da gigabit da tsohuwar furosesa, ya kunna gajeriyar hanya ya haƙura da SQM, ko ya sayi ƙarfen da zai ɗauki SQM a wannan gudun.