Zoɓo da Ɗinya: Amfanin da Muke Zubarwa Tsakanin Gona da Tukunya

A ƙarshen kakar bara na je gida Kaugama, na tarar da zoɓo an baza shi a ƙasa tsirara, rana na dukansa, ƙura na hawansa. Na ɗauki ƙwaya ɗaya, sai na ga jan nata ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Mai zoɓon yana lissafin buhunan da zai kai kasuwa, ni kuwa ina lissafin abin da rana ta riga ta kwashe masa.

Ɗalibaina kan tambaye ni game da 'ya'yan itatuwan Turai irin su sitiroberi, wanda yanzu ake nomawa a Filato, saboda sun ji ana cewa suna kare jiki. Gaskiya ne suna ɗauke da sinadaran da ke rage ɓarnar iskar oksijin ga ƙwayoyin jiki, wato irin ɓarnar da ke sa ƙarfe tsatsa. Sai dai babba daga cikinsu, antosayanin, shi ne dai ya ba zoɓonmu jan launinsa. Ɗinya da kanya da magarya suna da nasu rabon na sinadaran kariya, garin 'ya'yan kuka kuma cike yake da bitamin C. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a kasuwanninta, zoɓon Jigawa kuwa har Meziko ake kai shi.

Ashe matsalarmu tana wajen sarrafawa. Zafi da haske da iska suna lalata antosayanin da bitamin C. Shanya a tsakiyar rana na kwanaki tana cinye su, haka doguwar tafasa. Maɗin ɗinya da ya yini a kan wuta yakan fito da zaƙi, amma da wuya bitamin C ya tsira a cikinsa. Kanwa ta fi su ɓarna: antosayanin yana zama lafiya ne cikin tsami, da zarar an jefa kanwa don kashe tsamin sai launin ya dushe, sinadarin ya fara rushewa.

Gyaran ba ya bukatar injin ƙasar waje. A shanya zoɓo a kan tabarma ko buhu, a inuwa mai iska. A adana shi a busasshen wuri mai duhu. A tafasa ruwa a sauke, sannan a jiƙa zoɓon a rufe. Garin kuka a dama shi da ruwan da ba zafi. Ɗinya da magarya a wanke a ci a lokacinsu.

Ina kuma jan kunnen mai karatu game da masu tallan magani. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin waɗannan sinadarai a abinci, domin abin da aka auna a kwalbar gwaji ba lallai ya faru a jikin mutum ba. Saboda haka zoɓo abinci ne, kada mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti dominsa, kada kuma a cika masa sukari.

Bana na sayi tabarmi biyar na aika gida, na roƙi a gwada shanyar inuwa a gefe guda, mu kwatanta launi idan an tashi cika buhu.