MOTAR DA KE RARRAFE BISA DUWATSU

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wata hanya mai suna Rubicon, wadda ta ratsa tsaunuka har zuwa kusa da tafkin Tahoe. Tsawonta bai wuce kilomita 35 ba, amma direban da ya shige ta da safe ba ya sa ran fita kafin dare, da yawa ma sai sun kwana a hanya. Dalili kuwa shi ne, a wurare da dama hanyar suna kawai gare ta: falalen dutse ne da manyan duwatsu jibge, wasu sun kai ƙugun mutum, wasu sun fi shi tsawo. A shekarar 1953 aka fara shirya ayarin motoci na shekara-shekara a kanta. A 1967 mutanen garin Moab na jihar Yuta suka kafa irin nasu taron, sa'an nan a 2007 aka fara wata gasa cikin kwarin Johnson na Kalifoniya, mai suna King of the Hammers, wato sarkin guduma.

Wannan wasa shi ake kira rarrafe bisa duwatsu. Asalinsa yana komawa ga ƙananan motocin soja ƙirar Jeep, waɗanda aka sayar wa farar hula da araha bayan yaƙin duniya na biyu. Daga baya mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo fagen, musamman ƙirar Toyota mai jan ƙafa huɗu, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1979. Sai dai motar da ta fito daga kamfani ba ta isa wannan aiki ba, tilas sai makaniki ya sake mata gini.

TAYA ITA CE FARKO

Abin da ke fara tsai da mota cikin duwatsu shi ne cikinta ya zauna bisa dutse, ƙafafunta na juyawa a banza. Wurin da ya fi kusa da ƙasa kuwa shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar pon, wato sandar da ta haɗa ƙafafu biyu. Babbar taya tana ɗaga wannan tulu. Saboda haka ake cire tayar kamfani, mai tsawon santimita 75 ko kusa da haka, a sa mai santimita 89, ko 94, ko ma 102. Amma lissafin yana da rowa: in taya ta ƙaru da santimita 10, santimita 5 kaɗai tulun zai ɗagu, domin yana tsakiyar taya ne.

Da an iso bakin duwatsu sai a rage iska. Tayar da ke ɗauke da kilo 2 ko fiye bisa kwalta, a nan sai a mai da ita kilo 1 ko ƙasa da haka, ta yi laushi, ta rungumi dutse maimakon ta yi tsalle a kansa. In iskar ta yi kaɗan ƙwarai taya tana iya saɓulewa daga ƙarfenta, shi ya sa masu wasan ke sa wani zoben ƙarfe mai kusoshi da yawa wanda ke danne bakin tayar.

ƊAGA MOTA DA SAKIN ƘAFAFU

Babbar taya tana bukatar wuri. Don haka ake sa dogayen lam da dogayen amotisa, a kuma yanke gefen jikin motar inda tayar za ta goga. Ƙwararru sun fi son pon guda mai ƙarfi a gaba, domin in dutse ya tura ƙafa ɗaya sama, ɗayar sai ta sauka ƙasa ta nemi wurin takawa. Toyotar da aka sayar a Amurka tana da irin wannan pon har zuwa 1985. Daga 1986 kamfanin ya koma ga ginin da kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, wanda ya fi daɗi bisa kwalta. Har yanzu makanikai da yawa a can suna yanke sabon ginin su mai da tsohon.

Mota mai buɗaɗɗen baya tana da wata matsala tata ta kanta: bayanta ya yi tsawo, yana jan ƙasa in za ta hau tudu ko ta gama sauka daga dutse. Maganin da aka samo shi ne a gutsure ƙarshen akwatin kaya, wasu ma su cire shi ɗungum su sa ɗan dandamali na bututun ƙarfe.

ƘARFI AKE NEMA, BA GUDU BA

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan fage ita kaɗai ke kaiwa. Motar da ta doshi dutse da gudu sai ta yi tsalle, in ta diro ƙarfe ya karye. Abin da ake so shi ne inji ya juya sau da yawa, taya ta juya sau ɗaya. A tsohuwar Toyota, bitesi na farko yana rage juyi da kusan 3,95, ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya rage da 2,28, pon kuma da 4,10. In aka ninka su sai a sami 37: inji ya juya sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya.

A cikin shekarun 1990 wani makaniki na birnin Fresno, Marlin Czajkowski, ya yi suna wajen haɗa akwatunan raba ƙarfi guda biyu, ɗaya bayan ɗaya. Idan na biyun yana rage juyi da 4,7, aka kuma sa wa pon haƙoran da ke ragewa da 5,29, lissafin yana kaiwa wajen 224. Da irin wannan haɗi, mota mai tayar santimita 89 tana tafiyar mita 10 kacal a minti guda in ba a taka totur ba. Jariri mai rarrafe yana iya wuce ta, amma kusan babu tudun da zai kashe mata inji.

KULLE ƘAFAFU

Cikin tulun pon akwai wasu haƙora da ake kira difaransiyel. Aikinsu shi ne su bar ƙafar waje ta fi ta ciki saurin juyawa in mota na shan kwana. Bisa kwalta wannan alheri ne. Cikin duwatsu kuwa, da zarar ƙafa ɗaya ta tashi sama, ita za ta yi ta juyawa cikin iska, wadda ke ƙasa ta tsaya cik. Saboda haka ake sa makulli, mai aiki da iska ko da lantarki, wanda ke tilasta wa ƙafafun biyu su juya tare. In an kulle gaba da baya, ko ƙafa ɗaya ce ta sami matakin kirki, tana iya fid da motar. Amma a lokacin nauyin aikin duka yana iya faɗawa kan sanda ɗaya, shi ya sa ake sake sandunan pon da gaɓoɓin ƙafar gaba da waɗanda suka fi tauri.

SULKE, IGIYA DA ƊAN JAGORA

Bayan haka sai a yi wa motar sulke: farantan ƙarfe ƙarƙashin inji da tankin mai, da bututu mai kauri a kowane gefe don ta zame bisa dutse ba tare da ƙofa ta lotsa ba. A cikin ɗakin direba ana ƙera keji na bututu wanda zai tare rufin in motar ta kife. A goshinta kuma ana ɗaura injin jan igiya, wanda ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfinsa ya kai nauyin motar sau ɗaya da rabi.

Duk da wannan shiri, direba ba ya ganin inda ƙafarsa ke takawa. Sai wani ya sauka ya tsaya a gaba, yana nuna masa da hannu. Dokar wasan ita ce mutum ɗaya ke ba da umurni, sauran jama'a su yi shiru su ja da baya, musamman in an ɗaure igiya, domin igiyar ƙarfe in ta tsinke tana iya kashe mutum.

ABIN DA AKE BIYA

Kowane gyara da nasa bashi. Babbar taya tana ƙara shan mai, tana wahal da birki, tana kuma sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya. Pon da aka bari a kulle bisa kwalta yana hana mota shan kwana, yana karya sanda. Tayar da aka rage wa iska, in aka yi gudu da ita, sai ta yi zafi ta fashe.

Mafi girman haɗari shi ne kifewa. Ga misali: motar da faɗin ƙafafunta ya kai mita 1,5, tsakiyar nauyinta kuma yana santimita 75 daga ƙasa, bisa lissafi sai ta karkata digiri 45 kafin ta faɗi. In tsakiyar nauyin ya hau zuwa santimita 90, iyakarta ta koma digiri 40. In aka jibga kaya har ya kai mita 1,2, digiri 32 ya ishe ta. A zahiri ma tana faɗuwa kafin haka, domin lam yana lanƙwasawa, kaya suna gocewa. Wannan ne ya sa gogaggun makanikai suka fi son ɗagawa kaɗan, su faɗaɗa ƙafafu, su sauke batir da sauran kaya masu nauyi ƙasa. Da yawa cikin waɗannan motoci ma ba sa hawa kwalta, bisa tirela ake kai su bakin daji.

DARASI GA MASU BIN HANYOYIN DUTSE

Abin da ke wasa a Amurka, a wasu sassan Nijar neman abinci ne. Direbobin da ke hawa tsaunukan Ayar zuwa Timiya, Tabelot da Iferwan, da masu bin duwatsun Adar wajen Keita da Buza, suna fama da irin wannan ƙasa, ɗauke da albasa, da fasinja, wani lokaci da marar lafiya. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da suka dogara da ita tana da pon guda gaba da baya tun daga kamfani.

Akwai abin ɗauka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba: shiga ƙaramin bitesi tun kafin a iso wurin wahala, rage iska daidai gwargwado tare da riƙe famfo don mai da ita, sa faranti ƙarƙashin inji, da sauke yaron mota ya nuna hanya. Akwai kuma abin gudu: ƙara lam don a ƙara lodi, tara kaya sama da mutane bisa kansu, da yin walda a ƙarfen sitiyari. Mai wasan Kalifoniya yana zaune cikin keji, ɗaure da bel, da hular kwano in gasa ce. Fasinjan da ke bisa buhu ba shi da ko ɗaya. Saboda haka ya wajaba masu motoci, da shugabannin tasha, da ma'aikatan da ke duba lafiyar motoci su lura da duk motar da aka sauya wa gini, kuma a wurin da hanya ta karkata ƙwarai, a sauke fasinja su taka da ƙafa har mota ta wuce.