Jinya, Riƙo da Ciyarwa: Matsayin 'Ya'yan Masu Ciwon Daji a Ƙasar Obi

1.0 Gabatarwa

Obi hedikwatar ƙaramar hukuma ce da ke kudu maso gabas da Lafiya, cikin Jihar Nasarawa wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996. Alago da Migili da Eggon da Tibi da Fulani da Hausawa ne ke zaune a ƙasar, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da asibiti. Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da ake amfani da su wajen shawarar makomar yara idan uwa ko uba ya kamu da ciwon daji. Abin da take son nunawa shi ne, kalmomin kula da yara da Bahaushe ya gada an gina su ne a kan mutuwa da saki da gajeriyar rashin lafiya, alhali maganin daji doguwar tafiya ce mai zuwa da komowa. Yaron da ya faɗa tsakanin waɗannan kalmomi ba shi da suna, kuma a kwanon abincinsa ake fara gane haka.

2.0 Sunan Ciwon da Tsawon Jinyarsa

Sunaye uku ake ji: daji (ko jeji), da sankara, da kuma kansa, wadda aro ce daga Ingilishi, ga ta kuma tana rikicewa a rubuce da "kansa" ta mallaka. Daji ce ta fi nauyi, domin tana tafe da tsohon imanin nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wato wuƙar likita ko allura na sa ya bazu. Wannan imani na cikin dalilan da ke sa a makara zuwa asibiti, jinya kuma ta ƙara tsawo da tsada.

Ita kanta kalmar jinya fuska biyu gare ta. Idan aka ce "Ladi tana jinya a Zariya", mai sauraro bai san ko Ladi ce kwance ko ita ce zaune a gefen gado ba, sai an ƙara bayani. Wannan harshen damo ya dace da abin da ke faruwa a zahiri, domin ciwon kan ɗauke mata biyu daga gida a lokaci guda: marar lafiya, da 'yar'uwa ko babbar 'yar da za ta zauna da ita. Sau da yawa wadda aka ɗauka zaman jinyar ita ce da ma za ta iya tsayawa a madafi.

Ga kuma nisa. Mai buƙatar gashi da na'ura daga Obi akan tura shi Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Gashin kan ɗauki kwana biyar a mako har tsawon makonni. Maganin da ake ƙarawa ta jijiya kuwa galibi duk bayan mako uku ne, sau shida zuwa takwas. Uwa za ta tafi, ta dawo a galabaice, kafin ta farfaɗo lokacin komawa ya yi.

3.0 Kalmomin Kula da Yaro

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. Akwai goyo da raino ga jariri, akwai riƙo ko tallafi ga yaron da aka ba wani ɗan'uwa ya tashi a hannunsa, kamar yadda littafin Baba of Karo na M. F. Smith (1954) ya nuna a ƙasar Zazzau. Akwai agola, akwai maraya. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da haƙƙi sananne: an san wanda zai ciyar da agola, an san ladar shafa kan maraya, mai riƙo kuma ya san har aurarwa tana wuyansa.

Ɗan mai ciwon daji bai shiga ko ɗaya ba. Ba maraya ba ne, kuma duk wanda ya yi masa kallon maraya ya yi wa uwarsa mugun fata. Ba ɗan riƙo ba ne, domin ba a yi bikon ba da shi ba. Abin da akan ce shi ne "a ɗan duba su kafin ta dawo". Wannan "kafin" kan kai shekara. Karin maganar nan ta "ɗa na kowa ne" tana da daɗin faɗi, amma abin kowa shi ne wanda ba a tambayar kowa ko ya karya kumallo. A nan kunya ma takan zama cikas: yaron da aka ajiye gidan gwaggo ba ya cewa bai ƙoshi ba, kuma idan an haɗa shi kwano ɗaya da waɗanda suka girme shi, hannunsa ne ke zuwa ƙarshe.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon, Faransa, ta ƙiyasta a 2022 cewa yara kimanin miliyan ɗaya ne suka rasa uwayensu mata saboda daji a shekarar 2020 kaɗai, kuma Nijeriya na cikin ƙasashe shida da suka fi yawansu. Wannan lissafi na waɗanda suka riga suka zama marayu ne. Asusun tallafin masu daji da Gwamnatin Tarayya ta fara gwadawa a 2021 a asibitoci shida, har da na Abuja da na Zariya, kuɗin magani yake biya, ba tuwon waɗanda aka bari a gida ba.

4.0 "Abinci Mai Gina Jiki"

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne na goye. Likitoci na hana shayarwa yayin shan maganin daji na jijiya, don haka yaye kan zo babu shiri. A al'ada ana kai yaro gidan kaka don yaye bayan ya yi ƙwari, ya saba da tuwo. A nan kuwa ɗan wata takwas ne za a miƙa wa koko tsararo. Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne, kalmar kwashiyoko da Cicely Williams ta shigar cikin ilimin likitanci a 1935 daga harshen Ga na ƙasar Gana take, kuma ma'anarta ciwon yaron da aka ture daga nono. Hausa na da tamowa, amma ba ta faɗin dalili kamar yadda ta Ga ta faɗa.

Jimlar "abinci mai gina jiki" ƙirƙira ce ta ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo, kuma ta karɓu. Illarta ita ce, a kunnen talaka tana nufin nama da ƙwai da madarar gwangwani, wato abin da gidan da ke biyan kuɗin asibiti ya riga ya fitar da rai da shi. Alhali ƙasar Obi na noma gyaɗa da riɗi da agushi da wake, ban da doya da rogo da dawa da masara. A kowane giram 100 na gyaɗa akwai kimanin giram 25 na sinadarin furotin, waken suya ya haura 35, rogo kuwa bai kai 2 ba. Sai dai gyaɗa da riɗi su ne masu kuɗi, su ake fara kaiwa kasuwa idan asibiti ya kira, a bar yara da garin rogo.

Da ma'aikaciyar lafiya za ta kira abincin da sunansa, da saƙon ya fi isa: kunun gyaɗa mai kauri maimakon koko, miyar riɗi ko kuka da daddawa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ɗanwake, alala da manja. Haka kuma garin nan da ake kira Tom Brown, wanda ake soya hatsi da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, yana ajiyuwa, kuma yarinya 'yar shekara goma sha biyu na iya dama shi kafin ta tafi makaranta. Kalmar "ware" ma tana da aiki a nan: a ce wa gwaggo ta ware wa ƙaramin kwanonsa, ta kuma ba shi sau huɗu ko biyar a yini, domin cikinsa ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi daga safe zuwa dare.